Babi na Shida: Nawar Giya da Sanyin Safiya

A Turai da Amurka akwai wata irin mota da ba kasafai ake ganinta a hanyoyinmu ba: gabanta mota, bayanta ɗaki. A ciki akwai gado, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, da ɗan banɗaki. Masu ita, waɗanda da yawansu dattawa ne da suka ajiye aiki, sukan loda kaya su kama hanya, duk inda dare ya yi musu su faka su kwana. Kamfanin Winnebago da ke garin Forest City a jihar Iowa ya fara ƙera irinta a 1966, a Jamus kuwa sunan da ya yi fice shi ne Hymer na garin Bad Waldsee. Sai dai waɗannan kamfanoni ɗakin suke ginawa. Inji da giya da ƙafafu sayo su suke yi a wurin wasu. A Turai mafi yawan motoci masu ɗaki a kan Fiat Ducato aka ɗora su, motar ɗaukar kaya da aka fara ƙerawa a 1981, saura kuma a kan Mercedes Sprinter ko Ford Transit. A Amurka an fi amfani da gangar Ford, manyan masu shan dizal kuma sukan zo da giyar Allison.

Wannan shi ne tushen maganar da ke cikin babin nan. Giyar da ke ƙarƙashin ɗakin an yi ta ne don motar rabon kaya, wadda ake tayarwa kullum da safe ta wuni tana zirga-zirga. Mota mai ɗaki kuwa rayuwarta daban ce. Takan yi makonni a ajiye, da hunturu ma watanni, sannan ranar da aka tashe ta a ce ta ja kaya kusan iyakar ƙarfinta. Lasisin tuƙi na gama-gari a Turai ya tsaya ne a kilo 3,500, don haka masu ƙera ɗakin sukan kai nauyin dab da wannan iyaka tun kafin mai motar ya cika tankin ruwa ya rataya kekuna a baya. Motar kaya takan sauke lodinta ta dawo wayam. Wannan ba ta taɓa sauke nata.

Ga yadda abin yake faruwa. Gari ya waye a wani sansanin matafiya a gindin duwatsun Alps, ciyawa ta yi fari da ƙanƙara, gilashin gaba ya yi raɓa daga ciki saboda numfashin waɗanda suka kwana. Mai motar ya cire wayar lantarki ya naɗe, ya rufe tukunyar gas, ya murɗa makulli. Inji ya tashi. Ya taka birki ya ja sandar giya zuwa D, ya ɗaga ƙafa. Mota ko gezau. Daƙiƙa biyu, uku, huɗu. Sai ya ɗan taɓa totur, inji ya yi ƙara, sannan a ji gum daga ƙasa, kofuna su yi ƙara a cikin kabad, motar ta zabura. Ya hau titi, sai giya ta riƙe lamba biyu ta ƙi saki, allurar inji tana sama, motar tana jan jiki. Bayan tafiyar minti goma komai ya daidaita, har ya fara shakkar ko abin ya faru. A cikin wannan ɗan lokaci abubuwa biyu ne suka faru, kuma ba danginsu ɗaya ba. Riƙe lamba biyun da gangan ne, haka aka tsara ta. Jinkirin kamawar farko kuwa, shi ne abin da ya kamata a tsaya a kai.

Giyar otomatik ta asali da mai take aiki, kuma man ba shafawa kawai yake yi ba. Tsakanin inji da giya akwai wani rufaffen tulun ƙarfe da makanikai ke kira kwanbata, cike da mai. A cikinsa akwai farfela biyu suna fuskantar juna: inji yana juya ta farko, ita tana watsa mai da ƙarfi, man yana tura ta biyu, wadda ke haɗe da giya. Akwai ta uku ƙarama a tsakiya da ke mayar da man ta yadda ƙarfin juyi zai ƙaru lokacin tashi. Injiniyan Jamus Hermann Föttinger ne ya ƙirƙiro dabarar a 1905, don jiragen ruwa ma ya yi ta. General Motors ta fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940, Buick kuma ta sa kwanbata a giyarta ta Dynaflow a 1948. Bayan kwanbata akwai famfo da inji ke juyawa, shi ke zuƙo mai daga kaskon ƙasa ta cikin filta, ya tura shi cikin siraran hanyoyi zuwa jerin farantan kuloci. Idan mai ya danna fistin, farantai su matse, lamba ta shiga. Ke nan mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji, mai ne ke sa lamba, mai ne ke sanyaya komai. Idan halinsa ya canza, halin giya ya canza.

Sanyi kuwa yana canza shi sosai. Duk wanda ya taɓa karkata galan ɗin manja da safiyar hunturu ya ga yadda yake tsiyaya da ƙyar ya san abin da ake nufi. An tsara giya ta yi aiki man yana wajen digiri 80 a ma'aunin Salsiyos. Man giya na yau da kullum kaurinsa a digiri 40 ya kai kusan ninki biyar na kaurinsa a digiri 100, to balle a sifili, balle a ƙasa da haka. Kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa ƙa'idar Dexron, wadda General Motors ta fara fitarwa a 1967, take gwada kaurin mai har a digiri 40 ƙasa da sifili, kuma zubin ƙa'idar na baya-bayan nan sun ƙara tsananta sharaɗin. Duk da haka mai kauri ba ya ratsa ƙaramar kafa da sauri. Fistin da ke cika cikin ƙiftawar ido da rana zai ɗauki lokaci da asuba, lamba ta shiga a makare, wani lokaci da ɗan bugu.

Sai kuma kwamfutar giya, wadda ke da na'urar auna zafin mai kuma take aiki da abin da ta karanta. Idan mai ya yi sanyi takan jinkirta hawa lamba don inji ya yi ta juyi da sauri ya ɗumama, na'urorin tace hayaƙi da ke jikin salansa su ma su kai zafin da suke fara aiki. Takan kuma hana wani kuloci da ke cikin kwanbata kullewa. A tafiyar yau da kullum wannan kulocin yana haɗe farfelun biyu su zama abu guda don a rage shan mai. Idan aka bar shi a buɗe, man yana ta gogayya tsakanin farfelun, gogayyar tana haifar da zafi, zafin kuwa shi ake nema. Wasu giyoyin ma ba sa yarda su shiga lambar ƙarshe sai mai ya ɗumama. Direba zai ji motar ta yi laushi, ya taka totur ƙarar inji ta riga gudu tashi. A ƙaramar mota da ƙyar za a lura. A motar da ke ɗauke da tan uku da rabi, ga faɗin goshi mai tare iska, ga injin dizal da shi ma bai gama farkawa ba, abin a fili yake. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ina takaicin yawan kuɗin da mutane ke kashewa a gareji suna neman maganinsa.

Jinkirin kamawar farko ya fi faruwa bayan dogon zama. Kwanbata tana riƙe da kaso mai yawa na man giya, kuma tana zaune sama da kasko. Idan mota ta kwana ɗaya, man yana nan. Idan ta yi mako uku, a hankali wani ɓangarensa yakan sulale ya koma ƙasa, musamman idan ƙaramin bawul ɗin da ke tare shi ya gaji ko sil ya saki. Farfela ba ta tura iska yadda take tura mai, saboda haka sai famfo ya sake cika tulun kafin mota ta motsa. Motar rabon kaya ba ta san wannan matsala ba don ba ta taɓa zama har haka. Alamarsa mai sauƙin ganewa ce: yana zuwa a tashin farko bayan ajiya, washegari ko da sanyin ya fi na jiya ba ya dawowa. Maganinsa haƙuri ne na rabin minti zuwa minti ɗaya, inji yana silo, kafin a sa lamba. A wasu tsofaffin giyoyin Chrysler, waɗanda ke cikin motoci masu ɗaki da yawa na Amurka da aka gina a kan Dodge, kwanbata ba ta cika sosai idan sanda tana P, sai an sa ta a firi. Shi ya sa ma a firi ake auna mansu.

Abin da ba a so shi ne abin da mutumin can na sansani ya yi, wato taka totur yana jiran giya ta kama. Farantan kuloci na giyar otomatik fuskarsu siririya ce, da wani abu dangin takarda aka yi ta, kuma ƙarfin matsewar mai ne kaɗai ke hana su zamewa. Idan suka haɗu inji yana gudu, matsin bai kai ba, sai su goge juna su yi zafi, ko kuma su cafke gaba ɗaya da bugun nan da ke girgiza kabad. Sau ɗaya ba ya kashe giya. Amma wanda ya mayar da shi al'ada yana ƙone farantansa da ƙafarsa, kuma garin da ke zuba daga jikinsu cikin mai yake komawa, ya je ya toshe filta, jinkirin ya ƙaru.

Idan kuwa jinkirin yana zuwa kowace safiya mai sanyi, ko jiya an wuni a hanya, to magana ta canza. Abu na farko da za a duba shi ne yawan mai. Man giya yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi. Tsakanin sanyin safiya da zafin aiki bambancin yakan kai kusan kashi 4 cikin 100. Giyar da manta ya ɗan ragu za ta yi lafiya lau da rana, da asuba kuwa bakin filta ya zuƙo iska tare da mai, a ji famfo yana kuka, lamba ta shiga ta fita a kwana ko a gangare. Mota mai ɗaki tana da saurin yoyo a ɓoye, domin robobin sil da ba sa samun mai a jikinsu tsawon watanni bushewa suke yi, kuma a kan ciyawa ko tsakuwa ake yawan ajiye ta, inda ɗigon ba ya nunawa. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta dare ɗaya ya isa ya tona asiri.

Na biyu shi ne sil ɗin da ke cikin giya, waɗanda ke zagaye da fistin. Roba tana taurin tsufa. Da sanyi ta ƙanƙance ta bar kafa, mai ya tsere ta gefe, fistin ya kasa danna farantai. Da zafi ya shiga ta yi laushi ta toshe kafar, komai ya koma daidai, mai mota ya ce ai ta warke. Ba ta warke ba. Wannan ciwo da shekaru yake tafiya, ba da kilomita ba, kuma a nan ne masu irin wannan mota suka fi yaudarar kansu. Za ka ga mota ta shekara goma sha biyar, mitarta ba ta nuna abin da motar haya ke ci a shekara biyu ba, mai ita yana alfahari da haka. Roba ba ta karanta mita. Ana sayar da wasu ruwaye da ake zubawa a giya don su kumbura sil, kuma sukan ɓoye alamar na wani lokaci. Ni dai ban ɗauke su magani ba, domin ba sa zaɓar robar da za su kumbura.

Akwai filta da ya toshe, wanda mai mai kauri ba ya iya ratsawa. Akwai na'urar auna zafi da ta lalace tana gaya wa kwamfuta cewa har yanzu da sanyi, sai giya ta wuni tana halin asuba. Tsohuwar giyar Mercedes mai lamba biyar, wadda ake kira 722.6 kuma take cikin Sprinter da yawa, an san ta da yoyo a soket ɗin wayoyinta mai ƙafa 13, man ya bi waya ya rikita saƙonni. Gyaran ba shi da tsada idan an gano da wuri. Akwai kuma wanda ya fi duka muni: man giya yakan bi ta cikin lagireto ko wata ƙaramar na'ura da ruwan inji ke ratsawa, don ya ɗumama da wuri kuma kada ya wuce kima. Idan bangon da ke tsakaninsu ya fashe, ruwa ya shiga mai, launinsa ya koma ruwan hoda mai kumfa. Ruwa yana ɓamɓare fuskar farantai. Wanda ya ga haka kada ya ƙara tuƙa motar ko taku ɗaya.

Duk abin da na faɗa ya shafi giya mai kwanbata. Amma dubban motoci masu ɗaki a Turai, duk da cewa feda biyu gare su, giyarsu ba irin wannan ba ce. Ducato ta daɗe tana zuwa da Comfort-Matic, kafin a 2019 a maye gurbinta da giyar kamfanin ZF mai lamba tara, Sprinter ma ta taɓa yin makamanciyarta mai suna Sprintshift. Waɗannan giyar hannu ce ta sosai, da kulocinta busasshe, sai dai an ɗora mata na'ura da ke taka kulocin ta sa lamba a madadin direba. Ƙarfin na'urar daga wani ƙaramin famfon lantarki yake, wanda ke tara matsi a cikin wata 'yar tukunya mai iskar naitirojin. Wanda ya saurara zai ji famfon Comfort-Matic yana zuuu da zarar an buɗe ƙofar direba, yana shiri tun kafin a sa makulli. A nan babban abokin gaba shi ne batir. Batirin da ya yi wata biyu a ajiye ya riga ya zube, sanyi ya ƙara rage masa ƙarfi, sannan hita-fulog da sitata su kwashe abin da ya rage. Famfo ya yi sanyin jiki, kwamfuta ta ga wuta ta yi ƙasa, sai ta ƙi sa lamba ko ta kunna fitilar gargaɗi. An sha zargin giya alhali batir ne. Tukunyar matsin ma tana rasa iskarta da shekaru, alamarta kuwa famfo ya riƙa tashi a kai a kai. Ga man cikin giyar kanta, wanda ya fi na otomatik kauri, yana sa lamba ta biyu ta yi tauri da safe kamar yadda duk direban giyar hannu ya sani. Saboda haka kafin mutum ya karɓi shawarar kowa, ya fara sanin wace iri ce a motarsa.

Batun canza mai yana da nasa rikicin. Tun shekarun 1990 kamfanoni suka fara fitar da giyoyi babu gejin awo, suna cewa man ya isa har ƙarshen rayuwar mota. Mercedes ta faɗi haka a kan 722.6, daga baya ta dawo tana ba da shawarar canji. ZF kuwa da kanta take sayar da kayan canjin mai na giyoyinta, da kasko da filta da komai. Motar da kullum tana ɗauke da cikakken lodi tana hawan duwatsu da rani, aikin wahala take yi ko da tafiyarta kaɗan ce, kuma zama yana sa laima ta taru a cikin kasko. Ra'ayina a canza mai da filta bisa shekaru, kada a jira mita. A tuna cewa buɗe kasko ba ya fitar da abin da ke cikin kwanbata, kusan rabi ne ke fita, don haka wani lokaci sai an maimaita. A tuna kuma cewa giyar da ba ta da geji a wani takamaiman zafi ake auna manta, da kwamfuta a jone. Awon ido ba ya yi. Sannan mai ba ɗaya ba ne. Na giya mai lamba tara siriri ne ƙwarai, idan aka zuba mata jan man tsofaffin motoci, nawar da ake gudu ita za a sayo da kuɗi. A nan maganar ta taɓa mu, domin motocin Beljiyam da ke cika garejinmu irin waɗannan giyoyi ne a jikinsu, sun kuma sha zama a tashar jiragen ruwa kafin su iso, kuma safiyar hunturu a Jos ko Agadez ta isa ta fito da duk alamun nan.

Wasu sukan bar inji yana silo minti ashirin don giya ta ɗumama. Ba ya amfani sosai. Injin dizal na zamani ba ya yin zafin kirki a tsaye, giyar da ba ta aiki ita ma ba ta ɗumama, matatar toka da ke salansa kuwa cika take yi. Minti ɗaya ya wadatar. A taka birki, a sa R a jira ta kama, a sa D a jira ta kama, a tashi a hankali, kilomita na farko kada a matsa mata. Lokacin ajiya kuma a jona batir da caja, a riƙa fita da motar lokaci-lokaci a yi tafiyar da za ta kai mai ga cikakken zafi, ta bi duk lambobinta.

Wanda ke son sanin halin da giyarsa ke ciki ya riƙa ƙirga daƙiƙu daga sa lamba zuwa kamawa, ya rubuta tare da sanyin ranar da kwanakin da motar ta yi a ajiye. Daƙiƙa ɗaya ko biyu lafiya ce. Idan adadin yana ƙaruwa daga wannan hunturu zuwa na gaba, ko ribas ta fi gaba jinkiri sosai, ko man ya yi duhu yana warin ƙuna, a kai ta wurin mai gyaran giya, kuma a bar ta ta kwana a can don ya tashe ta da kansa da safe. Idan aka kai masa ita da zafinta ba abin da zai gani. Mai niyyar sayen ta hannu shi ma ya nemi a haɗu da sassafe, ya buɗe bonet ya taɓa inji kafin a murɗa makulli. Idan ya ji ɗumi, ya nemi a sa wata rana.